Koren Soso da Goron Inna

Tun ranar da na sauko daga motar Kano ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta tare ni a bakin famfo, waccan ta aiko da saƙon murya: "Mariyama, wai da gaske ne an kore ki daga kamfani?" "Wai kwali kika ɗauko tun daga Kano, sai ka ce babu kwali a Damagaram?" E, an kore ni, kuma na ɗauko kwali. Bakina ya gaji da maimaitawa, don haka ga labarin gaba ɗaya, kowacce ta karanta ta shafa mini lafiya. Masu cewa na je na kashe sana'ata da hannuna, ku ma ku matso kusa, har da ku nake.

Ga wadda ba ta san ni ba, ni ce mai shagon kwalliyar biki, mai jera furannin roba a wurin zaman ango da amarya. Furen nan ba ya tsayawa da kansa, sai an soke shi a jikin wani koren soso mai siffar bulo, marar nauyi, wanda in kin danna shi da yatsa sai ya lotsa ya bar miki gari a hannu. Daga Kano yake zuwa mana, naɗe a farar leda, ko harafi ɗaya babu a jikinsa. Mahaifiyata, Inna, ita ke yanka mini shi da wuƙar burodi tun da ciwon gwiwa ya hana ta zuwa kasuwa. Tana zaune a ƙofar shago da kwallar goronta, ta sayar da biyu ta ci uku.

Kun san yadda iskar garinmu ke yi wa goro, kwana biyu ya yanƙwane. To wata rana guntun soson ya faɗa bokiti, ya sha ruwa ya yi nauyi, har kwana uku bai bushe ba. Inna ta shimfiɗa shi a ƙasan kwalla, ta jera goro, ta rufe da wani guntun. Goro ya yi sati yana ƙaras-ƙaras kamar yau aka sauke shi. Daga ranar ta jefar da tsumman algararar da take jiƙawa tun muna yara. Tsofaffin unguwa suka gani, suka riƙa zuwa roƙon guntaye, ni kuma ina ba su da hannu biyu, ina jin na yi abin lada. In goron ya fito da koren gari a jiki, sai a hure a jefa baki.

Sai tari ya kama Inna. Busasshen tari ne, mai tsayawa a maƙoshi ya ƙare da wani ɗan fito siriri. Idonta ya yi ja, fatar yatsunta ta tsattsage. Likita ya ba da magani sau biyu, a na uku ya ce, "Me tsohuwar nan take shaƙa kullum?" Na kai masa soson. Ya juya shi, ya ce shi bai san da me aka yi shi ba, in nemo masa takardar masu yin sa, kafin nan kuma a raba ta da shi.

A raba Inna da shi? Tabɗi! Ta rungume kwallarta ta ce, "Kayan Kano ne. Da yana cutarwa, da Kano ta zama kufai. Ba zan koma cin busasshen goro don wani yaro mai farar riga ba. Sai na ji daga bakin wanda yake yin abin."

Na ce, "To Inna, zan kawo muku bakin."

Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," tana dariya tana tari. Ta manta wurin wa na gaji taurin kai.

Ranar Lahadi da safe na shiga mota a tasha, da bulon soso guda a jaka don shaida. Mu huɗu aka cusa a baya. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin turare, Allah ya yi mata jiki, kuma tun kafin mu kai Matamai ta mayar da jakata matashin jingina. Na yi magana sau ɗaya, ta ce, "'Yar nan, zane ne a ciki, ba ƙwai ba." Na haƙura don tafiya da nisa.

A Kwangwalam, bayan mun bar Ɗan Barto mun shiga ɓangaren Najeriya, jami'i ya ce kowa ya buɗe kayansa. Ina zuge jaka sai koren gari ya tashi. Hajiya ta niƙe mini bulon tas, atamfofina duk sun koma kore. Mutumin ya yi atishawa sau uku a jere, ya ja da baya yana goge ido.

"Baiwar Allah, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, abin da zan je Kano tambaya ke nan."

Ya dube ni ya ga ba wasa nake ba. Ya fashe da dariya, ya miƙo mini katin shaidata, ya ce in na samo amsa in faɗa masa a dawowa. Hajiya kuwa har Kazaure tana mitar na ɓata mata mayafi. Ko kallonta ban yi ba.

Masaukina gidan Yaya Habsu ne, 'yar yayan Inna, wadda ke aure a wani ƙauye bayan kamfanonin Challawa. Kafin ki ga gidan, hancinki ya riga ya isa, don warin jimar fata ya cika wurin, su kuma ko a jikinsu. Na toshe hanci da mayafi, Yaya Habsu ta ce, "Sauke hannunki, 'yar Nijar, wannan warin shi ke ciyar da mu." Mijinta, Malam Idi, a kamfanin fata yake aiki, hannuwansa sun rine har wuyan hannu. Gidan nan ba a duba rana don sanin lokaci. Sai ki ji an ce, "Ɗora tukunya, 'yan aikin safe sun kusa tashi." Ta yi mini ɗanwake da mai da yaji, na ci har na ji kunya. Shayinsu ne ban gane ba. Mu a gida ɗan mitsitsin kofi ne, mai ɗaci, zagaye uku ana hira. Su kuwa kofi ne kamar moɗa, madara ta fi ganye, a kurɓe a tsaye a ruga.

Litinin na nufi Bompai, inda mai kawo mana kaya ya ce sito yake. Adaidaita sahu ya yi ta kurɗawa da ni tsakanin tireloli, ina salati, shi yana amsa waya. Alhajin siton mutum ne mai fara'a. Ya ba ni kujera, ya aika aka kawo lemo, ya kira ni Hajiya har sau biyar, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Na ce ina neman takardar da ke bayanin abin da ke cikin soson. Ya ce, "Ba matsala." Na jira. Bayan azahar na sake tambaya, ya ce, "Ba matsala, Hajiya." A nan na koyi wani abu game da Kanawa. Mutumin garinmu in babu zai ce miki babu, ki ji haushi ki tafi. Bakano kuwa sai ya shayar da ke lemo har ki gaji ki sallami kanki.

Ni ban sallami kaina ba. Na cire takalmi, na naɗe ƙafa a kujera, na ce, "Alhaji, ku yi harkarku, ni ba na sauri." Da ya ga masu sayayya sun fara tambayar wace ce wannan, sai ya sauke murya. Ya ce su ba sa yin soson, daga ƙetare yake zuwa a manyan kwalaye, su ajiya kawai suke. A Sharada ake yanka shi ƙanana a naɗe a leda. Ya kwatanta mini wurin, ya raka ni har bakin titi, ina jin don ya tabbatar na tafi ne.

Talata na isa Sharada. Wata doguwar katanga ce da baƙar ƙofa, babu allo babu suna. Maigadin yana jin gaisuwata ya ce, "Ke ta ina ce?" Ashe mutumin wajen Tanut ne, can ƙasarmu. Muka gaisa gaisuwar gida, ya tambayi ruwan bana, sannan ya kai ni ofishin manaja yana cewa kada in ce shi ya shigo da ni.

Manajan matashi ne, kalma biyu Hausa ɗaya Ingilishi. Ni kuwa ɗan bokon da na yi na Faransanci ne, don haka rabin maganarsa ta wuce ni. Abin da na kama shi ne, "Madam, ai ba guba ba ne. Ba dai a ci ba ne kawai."

Na ce, "A ina aka rubuta ba a ci?"

Ya ce, "Haba Madam, wa zai ci soso?"

Sai na ba shi labarin kwallar Inna, tsakani da Allah, ina zaton zai tausaya. Wallahi mutumin nan sai ya kwashe da dariya, har da buga tebur. Ya leƙa ƙofa ya kira abokin aikinsa, "Zo ka ji, a Nijar goro suke ajiyewa a ciki!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ɗan samari, uwata kake yi wa dariya. Tsohuwa ta ga abu yana riƙe ruwa a garin da ruwa ke wuya, ta yi dabara, wannan ba wauta ba ce. Ka aiko mana da kaya tsirara babu ko kalma ɗaya, sannan ka zauna a ƙarƙashin fanka kana mana dariya? Ba ni takardar, ko ka ce mini babu." Dariyar ta ɗauke. Ya sha mur, ya ce ba sa ba kowa takarda sai dila, ya danna ƙararrawa. Ɗan ƙasarmun nan da ya shigo da ni, shi aka sa ya fitar da ni, yana tafe yana ba ni haƙuri ƙasa-ƙasa. Korar da kuke ta tambaya ke nan.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma a tsaye na yi shi. Sannan na tsallaka titi na zauna a bencin wata mai gurasa, daidai saitin ƙofar. Na ci gurasa da ƙuli, na yi azahar a nan, na yi la'asar a nan. Mai gurasar ta ce, "Wa kike jira?" Na ce, "Duk wanda ya fito."

Wajen ƙarfe biyar ƙofa ta buɗe, mata suka fito su kusan goma. Hijabansu kala-kala ne, amma duk kafaɗunsu kore, girarsu kore. Kowacce ta ɗoro ninkakkun kwalaye a ka. Na zaɓi wadda na ga ta fi manyanta, na bi ta, ta shiga adaidaita mai zuwa Challawa, na faɗa kusa da ita. Zan kira ta Talatu, don ranar Talata na same ta, kuma ta roƙe ni kada in faɗi sunanta.

Ba mu yi nisa ba ta fara tari. Busasshe, ya tsaya a maƙoshi, ya ƙare da ɗan fiton nan siriri. Na bar Inna a Damagaram, ga shi ina jin ta a gefena.

Da farko ta ƙi magana, ta ɗauka manaja ne ya turo ni. Sai da na nuna mata atamfata mai koren gari na ba ta labarin goro. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Innalillahi. A baki?" Sannan ta buɗe ciki. Aikinsu shi ne su farke kwali, su yanka soson da zarto, su naɗe a leda. Leda ta fi sauƙin lodi, kuma diloli ba sa son mai saye ya ga sunan masu yi, kada ya tsallake su. Kwalayen kuwa kyauta ake ba su, su kai gida su shimfiɗa a ƙarƙashin tabarma ko su toshe taga. Na ce ba a ba su takunkumin rufe hanci? Ta ce akwai, a ofis, ana fito da su ranar da baƙi za su zo. Sauran ranaku gefen hijabi suke ja su rufe baki.

Na dubi kwalin da ke cinyarta. Gefe guda cike yake da rubutu, har da ɗan hoton hannu da na ido. Jiya na wuni a Bompai a gaban irinsu tuli guda, ban kula ba. Na ce ta ba ni ɗaya, ta zare ta miƙo.

Na koma masauki da kwalina. Kafin magariba Malam Idi ya dawo, ya wanke hannu, ya ɗora kwalin a gwiwa yana bin rubutun da yatsa. Ya ce, "Ga shi nan ƙuru-ƙuru. Kada a shaƙi garinsa. A sa safar hannu. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa. Kada a ajiye kusa da abinci, kada a ƙona shi." Ya tsaya a kan wata doguwar kalma ya ƙwanƙwasa ta. "Wannan na san ta a wurin aikinmu. Dangin fomalin ce, maganin nan da ake yi wa gawa a asibiti don kada ta lalace. Da ita ake haɗa soson tun farko."

Yaya Habsu ta dafe ƙirji. Shi kuwa ya ɗaga hannu ya ce, "Mariyama, ji ni da kyau. Ban ce shi ya sa wa Inna tari ba, ni ba likita ba ne. Amma mai kayan da kansa ya ce kada a shaƙa, kada a kai kusa da abinci. Ya faɗa, a hanya aka cire maganar." Wato gargaɗin da ya kamata ya iso Damagaram yana nan kwance a ƙarƙashin tabarmin Challawa, mu an aiko mana da leda.

Sai dai na san uwata. Baki ta ce, ba kwali ba. Laraba da sassafe na sa Yaya Habsu ta raka ni ƙauyen su Talatu, muka same ta tana ɗaura hijabi za ta fita. Na ce ta yi wa Inna magana a wayata, ko kalma goma ce. Ta ce tana da marayu huɗu, in maganar ta koma kamfani ta rasa aiki. Na rantse mata ba suna, ba hoto. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta karɓa.

A dawowa na sami jami'in nan a Kwangwalam. Ya gane ni tun daga nesa, ya ce, "Mai koren gari! An samo amsa?" Na miƙa masa kwalin, ya karanta, ya daina murmushi. Ya ce a bikin ƙanwarsa yara sun yi ta wasa da irinsa. Na ce to yanzu ya sani.

Na iske Inna a inda na bar ta, kwalla a cinya. Na ajiye kwalin a gabanta na zayyana mata duk abin da Malam Idi ya karanta. Ta tura shi gefe da ƙafa.

"Rubutun Nasara ne. Ni na san me ya ce? Idi ai abin da kike so zai karanta miki. Na ce baki, kin kawo mini kwali."

Na ce, "Ga bakin, Inna." Na danna wayar.

Muryar Talatu ta fito: "Salamu alaikum, Inna, ina gaishe ku. Ni ce mai yanka soson nan da hannuna, shekara shida ke nan. Don girman Allah ku fitar da goronku daga ciki. Mu da muke yanka shi ko ruwa ba ma sha a wurin sai mun fita waje. Ni dole ce ta sa ni, ku kuwa babu abin da ya..." Sai tari ya sarƙe ta. Ya daɗe. Ya tsaya a maƙoshi, ya ƙare da fiton nan. Ba ta ƙarasa maganar ba, a nan saƙon ya yanke.

Inna ta daina tauna. Ta ce, "Sake sawa." Na sake.

"Sa'ata ce?"

"A'a, Inna. Na ɗauka tsohuwa ce, ashe da kaɗan ta girme ni."

Ta tofar da goron da ke bakinta a tafin hannu, ta dube shi. Sannan ta kife kwallar a ƙasa, ta ce in kawo ruwa da tsumman algarara. Washegari, da gwiwar nan da ta hana ta kasuwa, ta ɗauki sanda ta bi gidajen ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya tana karɓe guntayen da na raba musu. Wadda ta yi gardama sai ta ce, "Mariyama, sa mata."

To kun ji. Kwalin yana nan na kafe shi da ƙusa a ƙofar shago, likita ya ɗauki hotonsa. Furannina yanzu a damin karan dawa nake soke su, in ɗaure da ragar waya. Ya fi cin lokaci, kuma biki biyu sun kuɓuce mini, wai kwalliyata ta koma ta ƙauye. Su je. Ku masu yi da soson ban hana ku ba, amma duk wadda ta zo wucewa sai na tsayar da ita ta ji abin da ke jikin kwalin nan, ko ta so ko ta ƙi.

Tarin Inna ya yi sauƙi, bai tafi duka ba. Talatu kuwa tana can tana yanka. Ran nan Inna ta wanke goro ashirin, ta naɗe a algarara, ta ce a kai wa direban Kano ya miƙa wa Habsu ta kai wa Talatu, tare da takunkumi guda biyar da ta aike ni na sayo a kantin magani. Kullum da safe, kafin ta ɓare goron farko, sai ta ce in sa mata saƙon. Ta haddace maganar tuni. Sai an zo wurin tarin take sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya fitar da ke, 'yar nan."